Littafin da Na Karanta wa Babana a Garka

A Jiratawa aka haife ni, amma tun da na shiga lise, wato babbar sakandare, na koma Maraɗi wurin gwaggona a Sabon Gari, sai ƙarshen wata nake leƙa gida. Babana ɗan garka ne. Zogala da tumatur da albasa yake nomawa a fadamar da ake ba ruwa, kuma ya yi karatun allo mai zurfi, har idan liman ya yi tafiya shi ake turawa gaba. Bai taɓa shiga lakwal, makarantar boko, ba. A boko, in ban da lambobin da ke jikin buhun taki, babu abin da ya iya karantawa.

Innata tana da wa guda ɗaya a Tsibiri. Ya daɗe yana aiki a ɗakin awon jini na wata asibiti a Maraɗi, da ya aje aiki sai ya koma gidan iyayensu shi da matarsa, Allah bai ba su haihuwa ba. A gidanmu ba a cika ambatonsa ba. Ba faɗa aka yi ba. Ana dai cewa ba a ganinsa a masallaci sai ranar Idi, wata shekarar ma Idin ba ya zuwa, kuma yana zaman shan shayi da Kiristocin unguwarsu kamar yadda yake zama da kowa. Wasu suna cewa boko ne ya juya masa kai. Idan aka kawo maganarsa, babana sai ya ce Allah ya shirye mu baki ɗaya, ya ɗauko wani zancen. Inna ce ba ta daina aika masa busasshen zogala da ƙuliƙuli ba, kuma da na koma birni sai aiken ya dawo kaina.

Ranar da na fara zuwa ni kaɗai ina da shekara goma sha shida. Na iske Kawu a zaure yana ɗaure ƙafar tabaransa da zare. Bayan mun gaisa ya tambaye ni abin da ake koya mana, ni kuwa don in burge shi na zuba masa darasin zazzaɓin cizon sauro daga farko har ƙarshe, kamar yadda na haddace shi a kaye, littafin rubutuna. Ya saurara har na gama, sannan ya tambaye ni ta yaya na san haka ne. Na ce mushe ne ya faɗa, wato malaminmu. Ya ce to shi mushen ta yaya ya sani. Na ce a littafi ya gani. Ya ce shi mai littafin fa. Raina ya ɓaci, na ɗauka wulaƙanci ne.

Ya tashi ya shiga ciki, ya fito da wani tsohon madubin duba ƙwayoyin cuta da asibiti ta yar shi kuma ya gyara. Ya aike ni na ɗebo ruwa a tafkin bayan gidansu cikin murfin kwalba, ya ɗiga ɗigo ɗaya a kan gilashi, ya juya madubin wajen hasken ƙofa ya ce in leƙa. Sai ga ƙananan halittu cikin ɗigon. A lakwal an zana mana su a allo da alli, na kwafa, na ci jarrabawa a kansu. Amma ban taɓa zaton suna motsi ba. Wani yana juyawa kamar an kaɗa shi, wani yana tura ɗan uwansa ya wuce. Na daɗe a duƙe har wuyana ya ƙage.

Da zan tafi ya buɗe wata akwatin ƙarfe cike da littattafan Faransanci, ya zaɓo ɗaya ya ba ni aro. Sharaɗinsa ɗaya ne: ranar da zan maido, in zo masa da wuri guda da marubucin bai gamsar da ni ba. Ya ce in na dawo na ce komai daidai ne, ba zai ƙara ba ni wani ba.

Littafin farko a kan yadda mutum ke ruɗin kansa ne, yadda muke riƙe mafarki ɗaya da ya zama gaskiya mu mance ɗari da suka wuce a banza, da yadda ake gwada magani a gane ko shi ya warkar ko ciwon ne ya gaji ya tafi. Na biyu a kan taurari, na uku a kan yadda halittu ke sauyawa cikin dogon zamani. A dakalin ƙofar gwaggona nake karanta su in na taso lakwal, ƴan kabu-kabu suna wucewa suna tada ƙura, gwaggo tana auna wa mata atamfa a ciki. Ita a wurinta duk littafi na lakwal ne, har tana yabona a gaban baƙi. Shekara guda na yi ina wannan zirga-zirga. Na koyi neman inda zan kama marubuci, kuma in na kama, Kawu yakan yi murna fiye da in na yaba.

A ƙasan akwatin akwai wani littafi da aka naɗe bangonsa da takardar buhun siminti. Sau biyu ina miƙa hannu yana cewa ba yanzu ba, wannan yana da nauyi, in bari sai na ƙara shekaru. Rana ta uku, ya shiga ciki kawo mini ruwa, na zare shi na cusa cikin jakata. Ban taɓa ɗaukar abin wani ba kafin ranar.

Wani Bature ne ya rubuta shi, kuma abin da yake faɗi tun daga shafin farko shi ne babu Allah, mutane ne suka ƙaga shi don tsoron mutuwa. Ba zagi yake ba. Da zagi ne da na rufe na huta. A tsanake yake jero hujjojinsa, ɗaya bayan ɗaya, da irin hanyar nan ta tambaya da na yi shekara ina koyo kuma ina so. Cikin sati guda na gama shi. Ban daina salla ba, amma da na kabbarta sai maganganunsa su taso mini, in yi sujada ina jin kamar ina yi wa bango magana, in sallame kuma tsoro ya kama ni cewa na kafirta. Babu wanda zan gaya wa. Kawu dai sata na yi masa, gwaggo kuwa da ta ji da ta tara mini unguwa. Abinci ya fita raina, na rame, makina ya faɗi a lakwal. Gwaggo ta jiƙa mini maganin shawara, da bai yi ba ta fara bincike ko wani saurayi ne.

Da aka yi babban hutu na koma Jiratawa da littafin a ƙasan kayana. Ina fita da shi garka cikin kwando, in an sako ruwa ina gadin fangali sai in buɗe, ina neman inda zan kama marubucin kamar yadda na saba, in kasa. Wata rana da hantsi ban ji tahowar babana ba, sai inuwarsa na gani a kan shafin. Ruwa ya riga ya cika fangalin ya fasa ya shiga na maƙwabci. Ya toshe da fartanya, sannan ya dawo ya tambaye ni wane karatu ne wannan da ya fi ruwa.

Da na ce na lissafi ne da ya yarda, don ba shi da hanyar ganewa. Ina jin wannan ne ma ya hana ni yi masa ƙarya.

Na ce, "Baba, littafin wani Bature ne. Ya ce babu Allah."

Ya je bakin magudana ya wanke hannunsa da ƙafarsa, ya daɗe a can, sannan ya dawo ya zauna a kan kunya. Ya tambayi wanda ya ba ni. Na ce ba a ba ni ba, a akwatin Kawu na ɗauka bai sani ba, kuma ya hana ni. Ya ce to wannan sata ce, za a maida wa mai shi in roƙi gafara. Na ce to. Na ɗauka an gama, ina jiran duka ko a ce na bar lakwal ke nan.

Da yake sunan mahaifiyarsa aka sa mini, Uwata yake kirana. Ya ce, "Uwata, kafin a maida, za ki karanta mini shi da Hausa, tun daga farko. Abin da ya ramar da ke haka, ba zan bar ki da shi ke kaɗai ba."

Kusan sati uku muka yi. Kullum in an yi azahar rana ta hana aiki, sai mu zauna ƙarƙashin mangwaron da ke tsakiyar garka, in karanta jimla da Faransanci a zuci, in faɗe ta da Hausa. Aikin ya fi yadda na zata wuya. Akwai wuraren da na ɗauka na gane sarai, da na zo faɗa da Hausa sai na ga babu abin da na riƙe sai daɗin kalmomi. Babana kuwa ba ya barin a wuce. Sai ya ce in sake, in faɗa yadda mai saida albasa zai gane. In na kasa, ya ce ko ni ce ban gane ba ko shi mutumin ne bai faɗi komai ba, mu koma mu duba. Wani lokaci ni ce, wani lokaci mutumin.

Ban zaci zai yarda da komai a ciki ba, amma ya yarda da abubuwa da yawa. Da muka zo inda ake maganar masu cin abinci da addini, ya yi dariya har da buga cinya, ya ba ni labarin wani mai tsubbu da ya taɓa saida masa laya ta korar tsutsa, ya rataya a fangali ɗaya ya bar ɗaya, tsutsa ta cinye duka biyun. Ya ce wannan gwajin da Baturen yake ta yabo, duk ɗan garka ya san shi, ba wanda ke zuba sabon iri a gona duka sai ya gwada a gefe. Inda suka rabu shi ne, babana ya ce mutumin yana so ya auna Allah da ma'aunin da ake auna kayan garka, in bai hau ba ya ce babu shi. Na ce masa wannan ba amsa ba ce, domin haka kowa zai iya faɗa a kan duk abin da ya ga dama. Ban taɓa yi masa musu ba sai ranar. Ya ce watakila ina da gaskiya, zai yi tunani. Bayan kwana biyu ya dawo da wata amsar, ita ma na ce ba ta cika ba, ya ce to iyakar abin da yake da shi ke nan.

Rana mafi nauyi ita ce ta babin da ke tambayar dalilin da zai sa Mai rahama ya bar jarirai suna mutuwa cikin azaba. Kafin a haife ni iyayena sun binne ƴaƴa biyu, ƙyanda ta ɗauke su cikin wata guda. Na so in tsallake babin, ya lura na juya shafuka da yawa, ya ce in koma. Na koma na karanta masa shi duka. Da na gama ya ce wannan tambayar ba Bature ya fara yin ta ba, shi ma ya yi ta a kan hanyar dawowa daga maƙabarta, kuma har yau ba a ba shi amsa ba. Ya ce shi ya zaɓi ya ci gaba da salla yana tambaya, mutumin nan ya zaɓi ya daina, kuma ba zai ce bai gane abin da ya kai shi can ba. Ranar ba mu ƙara karatu ba. Muka tashi muka cire ciyawa har la'asar.

Inna ba ta ji daɗin abin ba ko kaɗan. Da ta gane abin da muke yi ta yi kuka, ta ce wanta ya lalata kansa yanzu ya juyo kan ɗiyarta, mijinta kuma maimakon ya jefa littafin a murhu ya zauna yana saurare. Babana ya ce mata ta duba ko na fara cin abinci. Gaskiya kuwa na fara. Ba wai an warware mini komai ba ne. Abin dai ya tashi daga zama asirin da nake ɓoyewa ya koma magana da ake yi da rana, da Hausa, a gaban mutumin da na fi jin kunya a duniya.

Da muka kai ƙarshe, babana ya sa rigarsa ta Juma'a, ya yanki zogala ɗanye dami guda, muka shiga mota zuwa Maraɗi, daga can muka hau kabu-kabu biyu zuwa Tsibiri. Rabonsa da gidan tun rasuwar kakata. Kawu yana ganinmu, ya ga littafin a hannun babana, ya miƙe tsaye yana gyara tabarau. Na durƙusa na ce ni na ɗauka, ya yafe mini. Ya ce tun ranar ya san ba ya nan, ya yi ta niyyar zuwa Sabon Gari ya karɓa, kunya da tsoron abin da zai tarar suka hana shi. Ya juya wajen babana ya fara ba da haƙuri, babana ya ce ba faɗa ya kawo shi ba, an karanta masa littafin duka, ya zo ne su yi magana.

Matar Kawu ta kawo fura, suka zauna a zaure, ni ina daga bakin ƙofa. Babana ya tambaye shi kai tsaye ko ya yarda da abin da ke ciki.

Kawu ya ce, "Malam, wata rana ina yarda, wata rana ba na yarda. Abin da na kasa shi ne in tsaya cikin sahu ina faɗin abin da ban tabbatar ba. Sai in ga kamar ƙarya nake yi wa mutane."

Babana ya ce, "Shekara nawa kana ɗauke da wannan?"

Kawu ya ce tun yana aiki, tun lokacin da yake duba jinin yara yana sanin wanda ba zai kai sati ba. Babana ya ce da ya sani da ya zo tuntuni.

Da aka kira azahar babana ya nemi ruwa. Kawu ya kawo buta da tabarma mai tsabta, ya nuna masa gabas. Babana bai ce masa ya taso ba, shi ma bai taso ba. Muka yi salla ina bayansa, Kawu yana zaune gefe yana jiranmu. Bayan nan na roƙa aka fito da madubin, na ɗebo ruwan tafki. Babana ya leƙa, ya ɗago, ya sake leƙawa, yana ta tasbihi. Ya tambaya ko irin ruwan da yara ke wanka a ciki ne, aka ce shi ne. Daga baya ya dami mutanen Jiratawa da maganar har suka gaji da shi.

Tun daga ranar, duk sanda ya kawo kaya kasuwar Maraɗi ya saida da wuri, sai ya zarce Tsibiri. Sun fi shekara goma a haka. Ba wanda ya juyar da wani. Ni kuma na gama lise, na tafi Yamai karatu, na dawo ina koyar da ilimin halittu a wata kwaleji a Maraɗi, aikin da nake yi har yau. Ina salla, ina azumi. Imanina ba irin na da ba ne, akwai tambayoyin da na daina sa ran amsarsu, amma ba na jin tsoronsu. Har marubucin nan da ban bi shi ba ina gode masa, domin bai raina hankalin mai karatu ba.

Kawu ya rasu da damina, hawan jini ya buge shi da safe, kafin a kai shi asibiti ya cika. Muna cikin gida da mata, an gama wanka an fito da shi, sai muka ji hayaniya a waje. Wasu samari ne suka ce ba za a sallaci mutumin da ba ya salla ba, limamin unguwa kuma ya tsaya yana jan ƙafa. Inna ta kama hannuna ta matse. Ta bayan zana na ji muryar babana, bai ɗaga ta sosai ba. Ya ce ya fi kowa a wurin zama da mamacin. Bai taɓa jin ya ce babu Allah ba, abin da ya ji yana cewa shi ne bai sani ba, kuma bai taɓa kama shi da ƙarya ko cin haƙƙin wani ba. Ya ce abin da ke zuciyarsa a lokacin fitar rai, babu wanda ya leƙa a cikinsu. Shi zai sallace shi, mai so ya bi. Muka ji kabbara. An ce wasu sun tafi, amma sahu uku suka tsaya. Maƙwabtansa Kiristoci suna gefe har aka sallame, kuma su suka riga kowa zuwa haƙar kabari.

Bayan arba'in matarsa ta aiko mini da akwatin da madubin. Gara ta ci littattafan da ke ƙasa, sauran na shanya su na jera a ɗakina. Abin da ke damuna shi ne ban taɓa buɗe baki na gode wa Kawu ba. Kullum gardama nake kai masa, na ɗauka akwai lokaci.

Shi ya sa bara, da na raka babana awon ido a Maraɗi muna zaune a benci muna jiran layi, na daure na gode masa a kan kwanakin nan na garka. Na ce ban san wani uba da zai yi abin da ya yi ba, kuma na yi mamakin yadda bai ji tsoro ba. Ya ce wa ya gaya mini bai ji ba. Ya ce kullum in zai taho gindin mangwaron sai gabansa ya faɗi, ba don ni kaɗai ba, don kansa, kada ya ji abin da ba zai iya komawa yadda yake ba. Na tambaye shi ko ya ji irin wannan. Ya ce ya ji guda biyu ko uku, suna nan tare da shi har yanzu.

Na so in tambaye shi waɗanne ne, sai aka kira lambarmu. Na kama hannunsa na tashe shi, muka shiga wurin lokotoro.